Yaron da na koya wa jita ya wuce ni: in ajiye kiɗa ne, ko in koma ɗalibi?

Assalamu alaikum Malam. Ni makaɗin jita ne, shekarata 44, kuma na fi shekara ashirin ina riƙe da iyalina da wannan sana'a. Da kunne na koya, ban taɓa zama gaban malami ba, ban kuma iya karanta rubutun kiɗa ba. Akwai wani yaro da ya fara zuwa wurina yana ɗan shekara 14, ni na nuna masa yadda ake riƙe jita da yadda ake saita tsirkiya. Daga baya ya shiga makarantar kiɗa. Yanzu shekararsa 25, kuma shugaban ƙungiyarmu ya ɗauke shi muna aiki tare. Malam, ba zan ɓoye maka ba, yaron nan ya fi ni. Idan aka kawo sabuwar waƙa, kafin in gama lalube ya riga ya kama ta har ya ƙawata ta. Wuraren da jita ke fita ita kaɗai, waɗanda a da nawa ne, yanzu shi shugaba ke ba, ni an bar ni da rakiya, kuma ba wanda ya ce mini uffan. Yaron bai taɓa raina ni ba. Har gobe "Maigida" yake ce mini, yana ɗaukar mini jaka, amma wallahi hakan ƙona mini rai yake yi.

Kwanaki na saurari wani faifanmu na shekara goma da suka wuce, sai na ji abin da nake kaɗawa a lokacin shi nake kaɗawa yau, ko ɗigo bai ƙaru ba. Na shiga kwana ina atisaye, sai wuyan hannuna na hagu ya fara ciwo, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna ɗan mutuwa wani lokaci. Maiɗakina ta ce in rage kiɗan in nemi wata sana'a tunda hidimar yara ta ƙaru, ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani abokina kuma ya ce in je yaron ya koya mini. Da na tuna wannan sai kunya ta rufe ni. Shin lokacina ne ya wuce? In haƙura in ajiye, ko yaya zan yi?

Daga wani makaɗi.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa.

Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen jakar nan. Na fahimce ka sarai. Da yaron ya raina ka, da ka samu wanda za ka ɗora wa laifi, ka yi fushinka ka huce. To bai ba ka wannan ƙofar ba, sai ɓacin ran ya rasa wurin sauka ya dawo kanka. Abin da ke cinka gauraye ne: da kishi, da kunya, da tsoron ranar da za a ce maka an gode, a sallame ka. Duk wanda ya ba sana'a ƙuruciyarsa zai iya jin haka, kuma jin hakan bai mai da kai mutumin banza ba. Roƙona ɗaya ne tun daga farko, kada ka yanke hukuncin ajiye jita alhali kana cikin wannan hali.

Lokacinka bai wuce ba, kuma abokinka ya faɗa maka gaskiya. Amma kafin mu kai ga yaron akwai abin da ya fi gaggawa, wato hannunka.

Ciwon wuyan hannu haɗe da mutuwar ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa ba abin da ake daure wa ba ne. Jijiyar da ke kai saƙo ga waɗannan yatsu biyu ta bayan gwiwar hannu take ratsowa ta gangaro wuyan hannu, kuma takan matsu idan mutum ya daɗe da hannu a lanƙwashe yana danna tsirkiya da ƙarfi. Likita ne zai tantance ko ita ce ko wani abu dabam, don haka ka je a cikin makon nan. Idan aka tura ka wurin likitan motsa gaɓoɓi, ka tafi da jitar, ya ga yadda kake zama da yadda kake riƙe ta. Kwanan atisayen nan kuma ka tsai da shi daga yau. Leon Fleisher, ɗan Amurka, yana cikin manyan makaɗan piyano na zamaninsa lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa a 1964, yana da shekara 36. Da ya ga haka sai ya ƙara wa kansa atisaye, abin ya ƙara lalacewa. Ya kwashe kusan shekara talatin yana kiɗa da hannun hagu, yana koyarwa, yana jagorantar ƙungiyoyin makaɗa, kafin magani ya dawo masa da hannun. Cutarsa ba lallai ta zama irin taka ba, na kawo shi ne don ka ga inda jure wa ciwo kan kai makaɗi. Tunda za ka asibiti, ka sa a auna maka ji ma. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kunne na ɗaukar ƙara mai ƙarfin desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Wanda ya shekara ashirin tsakanin ganguna da lasifika ya kamata ya san halin da kunnensa ke ciki, ya kuma nemi abin toshe kunne irin na makaɗa.

Yanzu mu zo kan faifan nan da ka saurara. Ka ce ka fi shekara ashirin kana kiɗa, haka ne, amma shekara nawa a ciki ka yi kana koyo? Ina kyautata zaton biyar ko shida na farko ne, lokacin da komai sabo ne, kana mai da waƙa baya kana sake ji har ka ciro abin da ke cikinta. Bayan nan ka iya abin da ake biyanka dominsa, aiki ya yi yawa, shi kuwa aiki a gaban jama'a ba ya barin mutum ya gwada abin da bai iya ba. A dandamali dole ka kaɗa abin da ka tabbata ba zai kunyata ka ba. Telan da ya shekara ashirin yana ɗinka riga samfuri ɗaya zai yi sauri a kanta har ya iya ɗinka ta ido rufe, amma ranar da aka kawo masa sabon yanka sai ya ga kamar bai taɓa riƙe almakashi ba. Abin da ya same ka ke nan, kuma ya sami makaɗa da yawa waɗanda ba su ma lura ba. Kai ka lura. Kunnen da ya ji cewa babu abin da ya ƙaru kunne ne mai rai, kuma da shi za ka yi aikin da ke gabanka.

Kwanan da kake yi kana kaɗawa bai taimake ka ba saboda, in ban yi kuskure ba, abin da ka riga ka iya kake ta maimaitawa, sai dai da ƙarin ƙarfi da ƙarin fushi. A 1993 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu sun wallafa binciken da suka yi kan ɗaliban goge irin na Turawa a wata makarantar kiɗa da ke Berlin ta ƙasar Jamus. Abin da suka gano ya fi bambanta gwanaye da sauran shi ne yawan lokacin da suka tara suna atisaye su kaɗai, da niyya, a kan wuraren da suke da rauni. Daga nan ne zancen cewa sai an yi atisayen awa dubu goma ake zama gwani ya fito ya zagaye duniya. Kada ka wahalar da kanka da wannan lissafin, masana ma har yanzu suna muhawara a kansa. Abin da ya shafe ka a binciken shi ne, mafi ƙwazon ɗaliban nan kimanin awa uku zuwa huɗu suke yi a rana, a rarrabe, da hutu a tsakani, kuma ba sa wasa da barci. Waɗannan kuwa matasa ne da ba su da wani aiki sai wannan. Kai mai iyali minti arba'in a rana ya ishe ka, in dai ka san abin da za ka yi da shi.

Ga yadda nake so ka yi, bayan likita ya ba ka izini. A wasanku na gaba ka ajiye wayarka kusa da lasifikarka ta naɗi komai. Kada ka saurara a daren, don a lokacin ko dai kana cikin daɗin tafi ko kana cikin haushi. Washegari ka zauna da biro da takarda ka saurara kamar wani ne ya kaɗa. Za ka ji abubuwan da ba ka taɓa sani ba game da kanka. Wataƙila ka ji kana ɗan rigan ganga duk lokacin da amshi zai shigo. Wataƙila ka ji salo uku ko huɗu ne kake ta juyawa a kowace waƙa, ko ka lura kana kauce wa ƙaramin yatsa, kana sa na tsakiya ya yi aikinsa. Ka rubuta duk abin da ka ji, sannan ka zaɓi guda ɗaya tak, sauran su jira.

Ka sauke manhajar metironom a wayarka, wadda ke buga ƙas-ƙas daidai wa daida. Ka sa ta a bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya a kowace daƙiƙa. Ka ɗauki ɗan guntun da bai wuce daƙiƙa goma ba, ka kaɗa shi a hankali ƙwarai, yadda kuskure ba zai samu wurin shiga ba. Za ka ji abin ya gundure ka, za ka ji hannunka yana ƙaiƙayin gudu, ka hana shi. A wannan jinkirin ne za ka samu damar duba kafaɗarka, ko ta ɗage, da babban yatsanka a bayan wuyan jita, ko ya ƙanƙame. Ka yi wannan gwajin: ka danna tsirkiya ɗaya ka buga, sannan ka riƙa sassauta yatsan sannu a hankali har sautin ya fara zirr, sai ka ƙara danna kaɗan har ya washe. Wannan ɗan ƙarfin shi ne iyakar abin da tsirkiyar ke bukata. Yawancin waɗanda suka koya da kansu suna danna fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin da ya wuce kima yana cin gudu, yana kuma cin hannu. Idan guntun ya fita tsaf sau uku a jere, ka ƙara bugu huɗu. Idan ka yi tuntuɓe, ka koma baya. Minti ashirin ka ajiye jitar, ka miƙe, ka saki hannu, sannan ka dawo ka yi wasu ashirin. Ka sami ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, da bugun da ka kai, da wurin da ya ƙi. Sau da yawa abin da ya ƙi ka yau za ka tashi gobe ka ga ya fi zama a hannu, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da yatsu suka koya. Wannan ma wani dalili ne da ya sa kwanan zaune ya cuce ka.

Ina so ka san wani abu tun yanzu don kada ya firgita ka. Nan da 'yan makonni za ka ji kamar kiɗanka baya ya yi. Tsohuwar hanya ta fara sakin hannunka, sabuwar ba ta gama kamawa ba, sai ka riƙa tunanin abin da a da ba ka tunani a kansa. A nan mutane da yawa ke karaya. Neil Peart, makaɗin ganga ɗan Kanada, ya shekara ashirin tare da ƙungiyarsa ta Rush, ana lissafa shi cikin gwanayen duniya, amma a tsakiyar shekarun 1990, yana da arba'in da 'yan kai, ya koma ɗalibi a wurin wani dattijon malami mai suna Freddie Gruber, har ya canza yadda yake riƙe sandunan kiɗa. Mutum ba zai canza riƙon da ya girma da shi ba tare da ya ratsa wannan lokaci na tangal-tangal ba. A wurin aiki ka ci gaba da kaɗa abin da ka saba, sabon ya zauna a ɗaki tukuna har ya nuna.

Karin maganar da maiɗakinka ta kawo akwai gaskiya a cikinta. Wanda ya fara tun yana yaro yana da wani irin sauƙin yatsu da babba zai sha wuya kafin ya samu, kuma ɗan shekara 25 da ba shi da nauyin kowa ya fi ka lokaci. Idan burinka ka fi yaron nan gudun yatsa, to ka ɗauko tseren da mai yiwuwa ba za ka ci ba, kuma ban ga amfanin cinsa ba. Amma kai ba yau za ka fara ba, hannunka ya daɗe da tanƙwaruwa. Abin da ka rasa ilimi ne, shi kuwa gemu ba ya hana shi. Paco de Lucía, makaɗin jita na ƙasar Sifaniya, wanda duk mai riƙe jita ya kamata ya saurara, da kunne ya tashi a gidansu, kuma bai ƙware a karanta rubutun kiɗa ba har duniya ta san shi. Sai a 1991, yana da shekara 43, da zai kaɗa wani babban aikin mai tsara kiɗa Joaquín Rodrigo tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ya zauna ya yi fama da takarda har ya fitar da shi. Kusan shekarunka ke nan.

Kai ma ba sai ka kai can ba. Bari in faɗa maka abin da nake zaton yaron ke yi idan aka kawo sabuwar waƙa. Sautukan da jita ke bi guda 12 ne, daga nan sai su maimaitu a sama ko a ƙasa. Kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta a kansa. Daga wannan sautin ake ƙirga haɗe-haɗen sauti da makaɗa ke kira kod, a ba su lamba daga ɗaya zuwa bakwai, kuma ɗimbin waƙoƙin zamani a kan na ɗaya da na huɗu da na biyar da na shida suke yawo. Yayin da kai kake bin sauti ɗaya bayan ɗaya kana lalube, shi yana jin "ɗaya, biyar, shida, huɗu" ne, kuma ya san inda kowanne yake a kowane ɓangare na wuyan jita, ya san sautukan da za su hau kansa su zauna. Idan mawaƙi ya ce a ɗaga ko a sauke don muryarsa, lambobin ba sa canzawa, wuri kawai zai matsa. Kunnenka ya san duk waɗannan abubuwa tun tuni, shi ya sa kake iya hasashen inda waƙa za ta juya. Tsarin ne ba a taɓa shimfiɗa maka ba, kuma ga mai gogewarka wannan aikin watanni ne. Kada kuma wannan ya sa ka raina yadda ka koya. Wes Montgomery, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na jaz, wani salon kiɗa na Amurka, yana dab da shekara ashirin ya fara haddace kiɗan Charlie Christian, wani makaɗin jita da ya riga shi, daga faifai, da kunne, kuma har yau ɗaliban makarantun kiɗa nasa suke zama suna kwafa.

To, yaron. Ka ɗan tsaya a matsayinsa. Yana aiki kusa da mutumin da ya fara ɗora masa yatsa a kan tsirkiya, an ɗauke wuraren mutumin an ba shi, shi bai roƙa ba, ba kuma zai iya ƙi ba. Ina ganin shi ma a takure yake, kuma ladabin da yake ƙara yi maka wata hanya ce ta ba ka haƙuri a kan abin da ba shi da bakin faɗa. Ba na jin akwai abin da zai faranta masa rai kamar ka buɗe masa ƙofa. Ka same shi ku biyu, ba a wurin atisayen ƙungiya ba, ka ce masa kai tsaye: "Wane, akwai abin da ka koyo a makaranta wanda ni ban samu ba. Ina so ka riƙa zama da ni awa ɗaya a mako kana koya mini, kuma zan biya ka." Zai ce haba Maigida, zai rantse ba zai karɓa ba. Ka nace. Biyan ne zai ba shi ƙarfin halin ce maka "ba haka ba ne, sake," domin wanda ke yi maka alfarma cikin jin nauyi ba zai iya gyara ka ba, zai yi ta cewa ya yi kyau. Ka faɗa masa a fili cewa a cikin wannan awar shi ne malam, kuma duk ranar da ya ga kuskure ya yi shiru ya ci amanarka. Ka kuma je masa da bukata takamaimai: lambobin kod, da inda sautuka suke a wuyan jita, da yadda yake tunani idan zai fita shi kaɗai.

Kunyar da kake ji za ta yi nauyi a zaman farko, ta ragu a na biyu. Ba na so in ce maka babu wanda zai yi magana, wataƙila wani a ƙungiyar ya yi tsegumi. Amma ka duba Miles Davis, mai busa ƙaho a kiɗan jaz. A 1963, yana da shekara 37 kuma sunansa ya gama duniya, ya ɗauki Tony Williams, yaro ɗan shekara 17, ya ba shi ganga, ya ɗauki Herbie Hancock ɗan 23 ya ba shi piyano. Yaran nan sun ja kiɗansa zuwa inda bai taɓa zuwa ba, ya kuma bi su, kuma wannan ƙungiyar tana cikin waɗanda aka fi girmamawa a tarihin jaz. Kai fa naka ya fi wannan daɗi, domin yaron da zai koya maka kai ka dasa shi. Akwai kuma abin da ke hannunka wanda makaranta ba ta ba shi ba: yadda ake bin numfashin mawaƙi, yadda ake rufa masa asiri idan ya shiga ba daidai ba, yadda ake karanta taro a san lokacin ɗaga kiɗa da lokacin kwantar da shi, da sanin inda ya kamata jita ta yi shiru. Zai tambaye ka waɗannan da kansa idan zama ya yi zama. Sai dai kada ka mai da darasin musaya don kare girmanka, ka bar shi ya koyar tukuna.

Shugabanku bai kyauta ba da ya canza maka matsayi ba tare da ya kira ka ya yi maka bayani ba. Wanda aka yi shekaru ana tare da shi ya cancanci a faɗa masa a fuska. Ina jin nauyinka ne ya hana shi, ga kuma nauyin ƙungiya a wuyansa, dole ya ba masu gayyata abin da suke so. Kada ka je masa da ƙorafi yanzu, don zai ji kamar kana neman a danne yaron ne saboda shekaru. Ka bari sai ka yi wata biyu ko uku kana aiki, sannan ka same shi ka ce ka lura da canjin, da ka so a ce ya faɗa maka, amma ga abin da kake yi a kai, kuma kana so a ba ka waƙa ɗaya ko biyu da za ka riƙa fita a cikinsu. Ka tambaye shi kuma, tsakani da Allah, yadda yake ganin matsayinka nan gaba. Gara ka ji amsar da kunnenka da ka yi ta kwana da zullumi. Ita rakiyar da kake gani kamar an rage maka daraja, ka sani ita ke riƙe da waƙa tare da ganga, kuma mawaƙa sun fi kowa sanin darajar mai rakiyar da ba ya girgiza. Idan ka mai da hankali ka ƙware a kanta da sabon ilimin da za ka samu, za ka zama mutumin da ke da wuyar mayewa.

Maiɗakinka kuwa kada ka ɗauke ta a matsayin mai kashe maka gwiwa. Ita ke ganin ka dawo rai a ɓace, ita ke jin jita har asuba, ita ke ganin kana murza hannu, ga lissafin gida a kanta. Ina zaton ba ka taɓa zama ka faɗa mata abin da ka faɗa mini ba. Ka faɗa mata, har da kishin, har da tsoron. Sannan ka kawo mata tsari mai iyaka: wata shida, minti arba'in a rana a lokacin da ba zai shiga hakkin gida ba, darasi ɗaya a mako, ga abin da zai ci, ga inda kuɗin zai fito. Ku sa ranar da za ku sake zama ku duba. Sonny Rollins, mai busa saksofon, ya taɓa janyewa daga wasa gaba ɗaya a 1959, ya shafe kimanin shekara biyu yana atisaye a kan wata gada a New York. Labari ne mai daɗin ji, amma ba hanyar mai 'ya'ya a makaranta ba ce, kuma ya kamata ta ji daga bakinka cewa ba irin wannan kake nufi ba. Shawararta ta neman wata hanyar samu ma kada ka watsar. Mutumin da ya ɗauki ɗan shekara 14 ya dasa masa tushen da ya kai shi inda yake yau ya iya koyarwa. Ka ɗauki ɗalibai biyu ko uku masu farawa. Zai kawo ɗan abin da zai rage nauyi, zai kuma tilasta maka bayyana abin da hannunka ke yi, wanda shi kansa hanya ce ta koyo.

Mai yiwuwa ku gwada da yaron abin ya ƙi, ko don ya kasa cire jin nauyinka, ko don iya kiɗa dabam, iya koyarwa dabam. Idan aka yi zama huɗu ko biyar ka ga haka, ka gode masa ba tare da wani ɓacin rai ba, ka roƙe shi ya haɗa ka da ɗaya daga cikin malamansa. Akwai kuma masu koyarwa ta intanet kai tsaye, kana ganinsu suna ganinka. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne tarin bidiyon koyarwa na kyauta. Suna da amfani, amma mutum kan kalli ashirin a dare ɗaya ya ji kamar ya ƙaru, alhali bai taɓa jita ba. Ka ɗauki ɗaya ka zauna a kansa mako biyu. Marigayi Ɗan Maraya tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, kuma ya yi rayuwarsa yana fitar da sabon abu daga cikinta.

Idan wata shidan suka cika, ka sake naɗar kanka, ka ajiye kusa da naɗin farko ka saurara. In ka ji bambanci, ko da kaɗan ne, kuma ka ga kana ɗokin lokacin atisaye, ka san amsarka, sai ka zaɓi abu na biyu a takardar nan ka ci gaba. In kuwa ka ga ka yi aikin tsakani da Allah amma zuciyarka ta bar dandamali, tafiye-tafiye da kwanan waje sun ishe ka, to rage wasa ka koma koyarwa, ko tsara kiɗa, ko wata sana'ar dabam, babu abin kunya a ciki, kuma a lokacin kai da maiɗakinka za ku yanke shawarar da idonku a buɗe. Yanzu dai ka fara da likita, kuma ina so ka rubuto mini abin da ya ce game da hannun. Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a sana'arka.